Tambayar Umma a Malta

Da sunan yawon buɗe ido Munsif ya kawo mahaifiyarsa Malta daga Tunis, amma so yake ta ga Rita, matar da ya aura a ɓoye. Suka zauna a gidan abincin da Rita take aiki.

Rita ta ajiye musu kifi. Tsohuwar ta ƙare mata kallo, ta ce da Larabci, "Ji ƙafafu kamar na zalɓe. Wane marar rabo zai kwashi wannan?"

"Umma, a hankali. Yarensu ɗan'uwan namu ne, tana jin ki."

"Na sani, ɗan nan," in ji ta, tana zare ƙaya. "Amsarka muke jira, ni da ita."

Munsif ya sunkuyar da kai.

"Wa ya sani, Umma."