Tully Mai Tsani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ba ya tsufa, ba ya mantuwa.

Kullum da rana Orville yakan ja labule ya kunna majigi, domin in bai yi ba, matarsa Myrtle ba ta taɓa abinci. Fim ne marar magana, na Tully mai tsani, ɗan barkwancin da ya yi tashe a Hollywood a zamanin da. Sauran finafinansa kamfani ya narkar don a tace azurfar da ke jikinsu. Wannan naɗin fim guda kaɗai ya tsira.

Tsufa ya riga ya cinye tunanin Myrtle, har mijinta “Malam” take ce masa, kamar baƙo. Amma da saurayin nan mai farar hoda a fuska ya bayyana a bango, sai ta gyara gashinta.

“Dube shi, Malam! Ka taɓa ganin namiji haka? Matsa mana, ƙeyarka ta tare min shi.”

Orville ya ja gurguwar ƙafarsa gefe. Shi ke mata wanka, shi ke ba ta a baki. Wancan kuwa faɗowa kawai zai yi daga tsani, ya kwashe dariyarta duka. Kishi wuta ne, mai shi yake fara ci.

Ranar da ta sumbaci bangon, ya ɗauki naɗin ya fita lambu, ya ƙyasta ashana. Irin wannan tsohon fim ko a cikin ruwa ci da wuta yake. Kafin nadama ta iso ya zama toka.

Myrtle ta zauna tana duban farin bango, ta ƙi abinci, tana ramewa. Da dabara ta ƙare masa, ya jingina tsanin gyaran rufi, ya shafa fulawa a fuska, ya hau, ya ɗaga hula, ya sulalo ƙasa.

Ta dube shi da tausayi.

“Kayya, tsoho, kada ka karye. Ai Tully ba a kwaikwayonsa.”

Ya zauna a ƙasa, riƙe da ƙafar da irin wannan faɗuwa ta karya masa a gaban kyamara tun yana saurayi. Shaida ɗaya ce ta rage a duniya cewa shi ne Tully, ita ce kuwa ya ƙona da hannunsa.

Allah Ya tsare marubuci da mai karatu daga sharrin kansu, amin.