Sallar da Ƙafa Ta Zaunar da Ita

Ajiye tsintsiyar nan ki zauna, 'yata. Tun safe nake kallonki kina kai da komo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, kin yi wa yara tsawa, kin amsa wa maigidanki da tsaki, ga shi Sallar ma sai jibi. Bari in ba ki wani misali.

An yi wata mata, matar wani manomi, mai tsabta da zuciyar yi. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da yayanta namiji, wanda sana'ar dukanci ta zaunar a wani gari. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ranar Ƙaramar Sallah. Yana saukowa daga Idi sai ya shiga mota, ya iso da azahar, ya juya bayan la'asar. Saboda wannan ɗan zuwan, tun azumi bai raba tsakiya ba matar nan ba ta da sukuni. Ta yi daɓe, ta shafe bango da farar ƙasa, ta sauke jeren kwanukanta ta wanke, ta sayo sabuwar tabarma ta jingine a nannaɗe, kaza ma ba ta isa ta gifta kusa da ita ba. In maƙwabta suka ce ta kawo su taya ta daka, sai ta ce ai ba komai, don a ganinta abin kunya ne hannun wata ya shiga abincin yayanta. Ranar Sallah in ya yi sallama, daga bakin murhu take amsawa, tana juya waina a tanda. A shimfiɗa masa sabuwar tabarma a inuwar darbejiya, a jere masa waina da miyar taushe, da funkaso, da kaza. To tsoho, cikin nasa nawa yake? Ya ɗan taɓa, ya wanke hannu, ya zauna yana kallon bayanta a cikin hayaƙi. In ma ta juyo, fuskar a murtuke take don gajiya, tana neman wanda ya kifar mata da man ja. Kafin ta sauke tukunyar ƙarshe ta yi wanka ta ɗaura sabon zani, lokacin mota ya yi. Sai ta raka shi zaure da ƙullin cincin, ta dawo ta zube da ciwon baya, tana cewa alhamdu lillahi, an fita kunya. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru.

Wata shekara, ana jibi Sallah, ta hau turmi za ta share yanar da ke saman bango, turmin ya goce, ta faɗo ta gurɗe ƙafa. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce kada ta kuskura ta taka. Ta sha kuka, kuma yawancin kukan na aikin da ya tsaya ne: bango rabi fari rabi ja, shinkafar waina ba a ko jiƙa ba, tabarma ba a sayo ba. Kin dai san al'adarmu, ranar Sallah kwano ke yawo gida gida. Sauran shekaru in an kawo mata na maƙwabta, ko buɗewa ba ta yi, yara take tura wa. Bana kuwa su suka rufa mata asiri, don kowace ta ji labarin ƙafar ta ƙara malmala. Yayan ya iso ya tarar da ita a kan tsohuwar tabarmar kaba wadda bakinta ya cinye, ƙafa a miƙe. Ta soma ba shi haƙuri, ya ce ta matsa masa kawai, ya zauna a gefenta. Ya ci tuwon maƙwabta, tana tsegumin miyar ba daddawa, yana cewa wadda ba ta girka ba ba ta da bakin magana. Daga nan hira ta ɓalle. Suka tuno Sallar da akuya ta tauna masa sabuwar hula, ya je Idi da ɗankwalin uwarsu a naɗe a ka yana cewa rawani ne. Ta yi dariya har hawaye. Motar la'asar ta tashi, bai ko motsa ba.

Can ya dube ta ya ce, "Auta, da niyyar yi miki sallama na zo bana. Na ga zuwana wahala yake ɗora miki, na ce gara in riƙa aiko da gaisuwa in hutar da ke. Na daɗe ƙeyarki nake zuwa gani. Yau da kika yi dariya, wallahi Inna na gani."

Ashe saura ƙiris ta kori ɗan'uwanta ɗaya tilo da waina da funkaso, tana ganin karrama shi take yi. Tun daga wannan shekarar tukunya ɗaya take ɗorawa, duk wadda ta ce za ta taya ta sai ta miƙa mata taɓarya, kuma kafin ya yi sallama ta riga ta yi wanka ta zauna tana jiransa. Bai sake fashin Sallah ba har Allah ya yi masa rasuwa.

To, 'yata, waɗanda za su zo miki jibi, a gidajensu ma ana toya waina. Ke ce babu a can. Yi abin da ƙarfinki ya kai, ki bar sauran, ki rage wa baƙinki ɗan murmushi. Shi ya sa Hausawa suka ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.