Alƙalin Kek ɗin Kabewa

Ana dab da zaɓe, matan coci suka ritsa wani ɗan majalisa a bikin amfanin gona na wani ƙauye a jihar Iowa, suka zaunar da shi gaban teburi cike da kek ɗin kabewa. Bisa al'ada, babban baƙo ne ke faɗin wanda ya fi daɗi.

A majalisar jiha da ta tarayya ya ƙware wajen zille wa tambaya, amma nan babu kwamitin da zai tura wa maganar. A wancan zamanin mata ba su da ƙuri'a, sai dai kowacce a cikinsu tana da miji mai son zaman lafiya a gidansa. In ya zaɓi ɗaya, sauran sun tafi da mazajensu.

"Ranka ya daɗe, ko sai mun aiko da cokali daga Washington?" in ji matar fasto.

"Haba uwargida, wa ke yanke hukunci da ɗanɗano?" ya ce, yana kwance maɓallin kwat. "Sai na saurari kowace shaida."

Ya cinye na farko tas, ya jawo na biyu. Da ya ga bayan na ƙarshe, ranga-ranga ƙarti suka kai shi keken doki, baki ya mutu.

Ya lashe zaɓe. Jaridu suka ce jawabinsa kan haraji ne ya yi aiki. Ba su ga matan suna komawa gida ba, kowacce rungume da farantinta wayam, tana zungurar mijinta: "Ka ga nawa? Ko ɓurɓushi bai bari ba."