Gwajin Farko na Injin Ɗaga Mota

Yana dawowa daga tasha ya tarar an gama kafa masa injin ɗaga mota a garejin gida. Maƙwabta sun cika ƙofa.

"Bari ku ga aiki," in ji shi. Ya hau da motar kan injin, ya fito da sauri ya danna maɓalli. Mota ta yi sama. Ya shiga ƙarƙashinta yana ta zuba bayani.

Matarsa ta leƙo. "Maigida, ina Mama? Ba ita ka je ɗaukowa ba?"

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Daga can sama surukarsa ta buɗe ƙofar baya a hankali.

"Ɗana, kada in katse ka. In ka gama da baƙinka, ina so in kewaya."