Ƙungiyar da Ba Ta Shahara Ba

Jan rubutun ya bayyana a saman shafin da safiyar Litinin: "An gabatar da wannan shafi don gogewa. Dalili: ƙungiyar ba ta shahara ba."

Lasifika ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa. Rubutun yana nan daram. Wani edita a kundin ilimi na intanet, mai kiran kansa Almakashi, ya dubi Ƙungiyar Kare Haƙƙin Ɗalibai gaba ɗayanta, da shugabanta da hatiminta da mambobinta masu cika benci biyu idan ba a matsa ba, ya ce ba ta kai a rubuta ta ba.

Ba a banza ake ce wa shugaban Lasifika ba. Ko gaisuwa zai yi sai na ƙarshen baranda ya amsa. Ya gama jarrabawar ƙarshe, takardar kammala karatu kawai yake jira, wadda mahaifiyarsa ta riga ta buga mata ƙusa a bangon falo. Amma yau takardar ba ta gabansa. An taɓa tarihi.

Gaskiya ƙungiyar ta taɓa yin abu ɗaya. Bara, bayan famfunan ɗakunan kwana sun bushe zango guda, aka wayi gari an ɗaure ƙofar ginin hukumar makaranta da sarƙa, daidai ranar da baƙi masu duba makarantu suka zo. Shugaban makaranta ta ƙofar masu shara ya shiga da su, yana murmushin dole. Washegari ruwa ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba.

Magatakarda, wani dattijo mai sanyin murya, ya kira ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya rantse barci yake. Dattijon ya rufe maganar, ya ce shi ba ya aiki da jita-jita, abin da ba shi da hujja bai faru ba. Lasifika ya sha da ƙyar, sai dai rashin a san shi ya yi aikin ya fi kora yi masa ciwo. Shafin nan shi ne maganinsa, ko da yake a ciki "wasu jaruman ɗalibai" kawai ya rubuta.

Ya shiga zauren muhawarar editoci da zafinsa. Ya ce ƙungiyar muryar marasa murya ce. Almakashi ya ce a kawo jarida. Ya ce tarihi ba zai yafe ba. Almakashi ya ce a kawo jarida. Wata edita ta ƙara da cewa ta bincika sunan ƙungiyar, abin da ta samu kawai sanarwar ɓatan laima ce a ɗakin taronsu.

Ana cikin wannan wulaƙanci sai ga wani edita, Mai Fatan Alheri, ya rubuta: "A bar shafin. Yaran nan sun yi abin a zo a gani. Hujja kawai ta rage."

Lasifika ya ji kamar an yayyafa masa ruwan sanyi. Daga nan suka koma magana ta saƙon sirri. Mutumin akwai haƙuri, akwai ladabi, kuma ya san darajar tarihi. Ya bayyana cewa kundin ilimi ba ya son "wasu". Su wane ne? Wa ya tsara? Wa ya sayo kwaɗon nan mai launin shuɗi? Akwai hoto?

Ma'ajin ƙungiya, wadda ba ta taɓa ajiye komai ba sai makullin ɗakin taro, ta leƙa wayarsa ta yamutsa fuska.

"Shugaba, ka kuwa san mutumin nan?"

"Masani ne. Daga ganin rubutunsa kin san a ƙasar waje yake."

"To me ya sa ba ya magana sai lokacin aiki? Asabar da Lahadi ko tari ba ya yi."

"Bambancin agogo ne, ƙanwata. Ki bar abin da ba ki sani ba."

Hoto akwai. Lasifika ya ɓoye shi shekara guda kamar kuɗin sata: ga shi nan tsaye bakin ƙofar da tsakar dare, sarƙa a kafaɗa, yatsu biyu a sama, haƙora a waje. Ya tura, tare da cikakken bayani da sa hannunsa. Har aikin da wasu suka yi ya tattara ya ɗora wa kansa, don a ganinsa tarihi ba ya son cunkoso. Mai Fatan Alheri ya amsa da gajeriyar godiya, daga nan ya ɓace.

Mako na cika Almakashi ya goge shafin. Ya ce abin da mutum ya faɗa a kan kansa ba hujja ba ce, sai wani na waje ya rubuta.

Lasifika na cikin zaman makokin shafinsa aka ce Magatakarda na nemansa. Ya goge riga, ya fesa turare, ya kira mahaifiyarsa ya ce ta goge ƙusar nan, takarda ta fito.

Ofishin shiru, fanka na juyawa a hankali. Mutum uku na kwamitin ladabtarwa suna zaune a gefe, babu mai fara'a. Dattijon ya nuna masa kujera, ya turo masa hoton da mutum ɗaya tak aka taɓa tura wa a duniya.

"Zauna, ɗana, kuma kada ka damu da shafin," ya ce cikin sanyin muryarsa. "Gobe jaridu za su ɗauki labarin korarka, ka ga an sami hujja ta waje. Da hannuna zan maido maka da shi, tunda ni na ce a bar shi tun farko."