Bayan An Cire Raga

Tana saka sabon ɓeran Masar a akurki, tsohon da ke ciki ya yi kansa da cizo. Kafin ta raba su da murfin tukunya, kunnen baƙon ya tsage.

Malamar firamare ce daga Pankshin, ita kaɗai a ɗakin haya a Ƙofar Dundaye, cikin Sakkwato. Tausayin tsohon ne ya sa ta sayo masa ɗan'uwa, don tun safe take barinsa sai la'asar.

Dattijuwar da ke da gidan ta leƙo, ta ga jini. "Malama, ba a haɗa su hakanan. Sa musu raga tsakani, su riƙa jin warin juna. In sunka saba, ki ɗebe ta."

"In ba su saba ba fa, Inna?"

"Suna sabawa, ɗiyata. Ki yi haƙuri dai."

Ta sa ragar. Kullum takan musanya musu shimfiɗa, ta zuba ganyen latas a gindin ragar don su ci suna kallon juna. Sannu a hankali suka daina kaɗa haƙora. Da damina ta kankama ta cire ragar. Suka shinshini juna, suka ci ganye ɗaya.

Washegari ta dawo daga makaranta, ta buɗe ƙofa, ta tsaya. Duk faɗin Sakkwato, tsohon ne kaɗai ke tsuwar murna in ya ji ƙarar makullinta. Yau yana kwance a jikin baƙon, ko kai bai ɗago ba. Ta sake kaɗa makullin, ta ɗan jira. Sannan ta ajiye jaka, ta zauna a bakin katifa tana kallonsu.