Titin da Marigayi Ya Zana

Mai otal ya ja da baya, ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya.

Daga kusa zanen bai fi jagwalgwalon yara ba: ja nan, ɗorawa can, shuɗi ya hau kan baƙi. Sai ka yi nisa titi ya fito. Motoci sun cushe, masu babur na kutsawa, ga jama'a tinjim ba mai fuska, kowa kamar an jiƙa shi an shanya.

Matar mai zanen na zaune, baƙin mayafi har goshi. Idan mutumin nan ya ɗauka, zanen bangon otal ɗinsa kaf a wurinta zai saya. Idan ya bari, gobe ta koma wankau a gidajen mutane. Duk da haka ko kallon tayinsa ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, wannan tayin ka kai wa mai zane mai rai. Marigayi dai ya gama nasa."

Ya ƙara kuɗi. Ta taɓe baki. Ya shafa gefen zanen, shuɗi ya biyo yatsansa.

"Zafi ne," in ji ta. "Ni ma nan narkewa nake."

A ɗakin ciki bokiti ya kife, wani abu ya daki ƙofa.

"Magen nan sai ta ga bayana," in ji ta.

Ya kaɗa makullin mota, wai tafiya zai yi. Ta hau ninke tsumma kamar ba da ita ake ba. Ya kai bakin titi, ya tsaya, ya dawo yana huci ya biya abin da ta yanka.

"Akwai saura?"

"Ya bar wasu ƙarƙashin gado. Amma zuciyata ba za ta iya taɓa su yanzu ba. Ka leƙo ƙarshen wata."

Ya yi wa mai zanen doguwar addu'a, ita kuwa tana share ido da gefen mayafi.

Motarsa na shan kwana ta danna sakata, ta yar da mayafin, ta tura ƙofar ɗakin ciki.

"Tashi, otal guda ke jiranka," ta ce wa marigayi, "kuma kada ka ƙara tambayata tabaranka, lokacin da kake gani tangaran, wa ya taɓa sayen zanenka?"